Shin Fim ɗin da Aka Sake Yana Kamo Ƙafar Na Asali?

A garuruwan Gobir na bakin iyaka, tun daga Isa har Sabon Birni da Burkusuma, fim ba ta gidan silima yake shigowa ba. Ta shagon mai cajin waya yake shigowa. Ga farantin sola a kan rufin kwano, ga wayoyi jere a kan katako kowace an manna mata lamba, ga kwamfuta a lungu da wani saurayi zaune gabanta yana tura wa mutane fina-finai. Mai saye ya ciro memori daga wayarsa ya miƙa, a tambaye shi na Hausa yake so ko fassara, a loda masa gwargwadon kuɗinsa. Kafin dare fim ɗin ya bi ta Xender ya zaga wayoyin unguwa. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato, ciki har da Sabon Birni da Isa, saboda yaƙi da 'yan bindiga, wannan hanya ta hannu da hannu ita ce ta rage wa mai son kallo.

A cikin irin wannan memori ake samun labari ɗaya da fim biyu. Ga Don na Amitabh Bachchan na 1978, ga Don na Shah Rukh Khan na 2006. Ga tsohuwar Mujadala, ga sabuwa ta 2018. Uba ya ce na da shi ne fim, na yanzu ɗumame ne. Ɗa ya ce na da hotonsa dishi-dishi, faɗansa kuma sanyi gare shi. Sai dai duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san akwai safiyar da ɗumame ke fin tuwon dare daɗi, don haka kiran fim ɗumame bai raba gardamar ba. Tambayar tana nan: in aka ɗauko fim da ya yi suna aka sake shi, yana kamo ƙafar na asali?

Amsar da aka fi ji ita ce a'a, kuma masu ita suna da babbar hujja. A 1975 Ramesh Sippy ya fitar da Sholay, da Dharmendra da Amitabh a matsayin abokai biyu, da Amjad Khan a matsayin Gabbar Singh, bos ɗin da har yau ake auna sauran bosawa da shi. Fim ɗin ya shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay. A 2007 darakta Ram Gopal Varma ya sake shi. Masu haƙƙin Sholay suka kai shi kotu, dole ya canja suna zuwa Aag. Ya mai da labarin daga ƙauye zuwa birni, ya sa Amitabh kansa ya hau kujerar bos, ya kawo Ajay Devgn da Mohanlal. Manyan 'yan wasa ba su hana fim ɗin faɗuwa warwas ba, kuma har yau ana lissafa shi cikin mafi muni da Bombay ta taɓa yi. Varma ya kwashe fasalin labarin, ya baro abin da ya riƙe Sholay, wato ƙauyen manoma da 'yan fashi suka ɗora wa haraji, da dattijon da aka kashe wa iyali aka kuma yanke masa hannuwa. Mutumin gabashin Sakkwato na yau ba ya bukatar a yi masa bayanin nauyin wannan labari.

To amma kafin a yanke hukunci, a dubi fim ɗin Indiyan da Hausawa suka fi riƙewa a zuciya. Mother India na 1957 shi ma sakewa aka yi. Darakta Mehboob Khan ya fara yin labarin a 1940 da sunan Aurat, baƙi da fari, da Sardar Akhtar a matsayin Radha. Bayan shekara 17 ya koma kansa, wannan karon da launi, da Nargis. A tsakanin fim ɗin farko da na biyu Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, saboda haka matar da a Aurat uwa ce mai fama da talauci, a Mother India ta zama hoton ƙasa baki ɗaya: mijinta ya rasa hannuwa ya bar gida, mai ba da bashi da ruwa Sukhilala ya cinye gonar, ambaliya ta share amfanin, ita kuma ta ja garma da kafaɗarta ta ciyar da 'ya'yanta. A ƙarshe ta harbe ɗanta Birju da hannunta don ya sace 'yar mutane. Fim ɗin ya kai ga shiga takarar Oscar, ya kuma daɗe yana cika silimun Kano shekaru da dama bayan fitowarsa. Yau in aka ce Aurat, sai masu binciken tarihin fim. Wanda ya fito a Birju, Sunil Dutt, shi ne ya auri Nargis a 1958, suka haifi Sanjay Dutt, wanda 'yan kallon Kano suka raɗa wa Ɗan Daba Mai Lasin.

Shi ma Sholay ɗin da ake tutiya da shi yana da iyaye. Labarin ƙauyen da ya ɗauko hayar mayaƙa su kare shi daga 'yan fashi ya fito a Seven Samurai na Akira Kurosawa a Japan a 1954, Amurkawa suka mai da shi fim ɗin kaboyi The Magnificent Seven a 1960, sannan ya isa Indiya. Kowace tasha ta ba shi tufafinta da makamanta da irin fushinta.

Akwai kuma waɗanda suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da na farkonsu. Agneepath na 1990 bai ci kasuwa ba duk da ya samar wa Amitabh lambar yabo ta ƙasa. A 2012 Karan Johar, ɗan furodusan na farko Yash Johar, ya ɗauki nauyin sake shi da Hrithik Roshan. Suka cire mai ban dariyar da Mithun Chakraborty ya fito a matsayinsa, suka ƙirƙiro sabon mugu, Rauf Lala, suka ba Rishi Kapoor, suka aske wa Sanjay Dutt kai ƙwal ya zama Kancha mai ban tsoro. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Shi kuwa Farhan Akhtar, ɗan Javed Akhtar wanda da shi aka rubuta Don na farko, ya san kowa ya haddace labarin: Don ya mutu, 'yan sanda sun sa mai kama da shi, Vijay, ya shiga cikin gungunsa. Sai ya bi wannan hanya har kusa da ƙarshe, sannan ya juya ta, aka gano ashe Don ne ya kashe Vijay ya ci gaba da wasa da hankalin kowa. Ya yi amfani da sanin da mai kallo ya yi wa tsohon fim ya kama shi da shi. Wannan dabara ce da fim na asali ba shi da damar yinta.

A ƙasar Hausa maganar ta fi haka zurfi, domin masana'antar fim ɗinmu da aro ta yi ƙuruciya. Tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo fina-finan Indiya Kano da sauran biranen Arewa. Daga 1977 gidan talabijin na NTA Kano ya shigar da su har cikin ɗakunan matan aure, kuma binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna tashar ta nuna sama da 1,000 zuwa 2003. Yaran da suka tashi da wannan kallo su ne suka kama kyamara bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990. Da Sangaya ta fito a ƙarshen shekarun 1990 ta nuna cewa waƙar fiyano da rawa suna sayar da kaset, sai ƙofa ta buɗe. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, waɗanda su ke sayen fim su buga su rarraba, suka riƙa neman mai waƙa da soyayya. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko na Indiya a yi masa abin da 'yan masana'antar ke kira wankiya.

Farfesa Adamu ya jera irin waɗannan fina-finai da iyayensu. Khusufi daga Taal aka ɗauko shi, So daga Mohabbat, Mujadala daga Dillagi, Abin Sirri Ne kuma daga Judwaa. Na ƙarshen nan yana da doguwar salsala, don Judwaa na Salman Khan na 1997 daga wani fim ɗin harshen Telugu mai suna Hello Brother aka sake shi, shi kuma ya ɗebo daga Twin Dragons na Jackie Chan na 1992. Tagwayen da aka raba tun suna jarirai sun taso daga Hong Kong, sun ratsa Indiya sau biyu, sun sauka Kano. Har Titanic sai da aka yi masa na Hausa, Masoyiyata, wanda Farouk Ashu-Brown ya yi a 2003.

Sun kamo ƙafar na asali? A wajen kayan aiki, ko kusa. Taal na Subhash Ghai ya tsaya ne a kan kiɗan A. R. Rahman, da duwatsun arewacin Indiya, da tarin 'yan rawa da suka sha horo. Furodusan Kano na wancan lokaci kyamara ɗaya gare shi, da fiyano ɗaya a situdiyo, da 'yan kwanaki na ɗauka. In ya ce zai yi gasa da Ghai a filin Ghai, ya faɗi tun kafin a fara. Inda waɗannan fina-finai suka yi nasara shi ne inda labarin Indiya ya zo daidai da ciwon da ke gidan Bahaushe: auren dole, ɗan talaka da 'yar mai kuɗi, wa da ƙane da suka haɗu a kan yarinya ɗaya, ikon iyaye a kan zaɓin 'ya'ya. Mai kallo a Isa ko Maraɗi ya ga 'yan wasa masu irin sunansa suna faɗin abin da ke ransa da harshensa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda suka yi tuntuɓe shi ne inda aka kwaso abin da ba shi da mazauni a nan, kamar saurayi da budurwa suna zagaya bishiya a lambu suna canja kaya sau biyar cikin waƙa guda. Wannan ne ya jawo musu fushin malamai da iyaye, kuma yana cikin abin da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta sa wa ido tun kafa ta a 2001.

Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya bi wata hanya dabam. A Ibro Ɗan Indiya da Ibro Awilo bai ɓoye aronsa ba, a fili ya ɗauko baƙon abu ya sa shi a jikin ɗan ƙauye, dariyar kuma daga nan take fitowa. An daɗe ana raina irin finafinansa da sunan camama, alhali ta fuskar mai da abin aro ya zama na gida ya fi da yawa daga masu fina-finan soyayya gwaninta.

Wanda ya fi kowa nuna yadda ake wannan aiki bai taɓa riƙe kyamara ba. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939, kuma da yawa daga labaran cikinsa ya samo su ne daga Alfu Laila, da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Jamusawa Grimm, da hikayoyin aku na Indiya da Farisa. Labarin Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin baƙo ta kuma haɗa shi gudu da mijinta, yana da ɗan'uwa a Jamus, inda kuku ce da maigidanta. Imam ya mai da su mata da miji, ya zaunar da su a gidan Bahaushe mai son a ci abinci da shi, ya sa musu baki irin namu. Ɗalibai nawa suka karanta shi a firamare ba tare da ya taɓa ɗarsa musu cewa baƙo ne ba? Imam ya tambayi kansa yadda abin zai faru da a ce a Katsina ya faru, sannan ya rubuta amsar. Mai wankiya kuwa yakan tsaya ne a canja Rahul ya koma Kabiru.

Daga farkon shekarun 2010 wani abu ya zo ya sauya lissafin gaba ɗaya, wato fassara. Kamfanoni irin su Algaita na Buzo Ɗanfillo da Sultan suka fara ɗora muryoyin Hausa a kan fina-finan Indiya, musamman na kudanci, na Telugu da Tamil, masu yawan faɗa. Suna raɗa musu sunayen Hausa, suna cusa barkwanci da karin maganar da ba su cikin na asali, har wani lokaci mai fassara ya fi jarumin ba da dariya. Furodusoshin Kannywood sun yi ta kokawa cewa wannan sana'a ta kashe musu kasuwa, kuma akwai gaskiya a kukansu. Sai dai abin da ta fi kashewa shi ne uzurin wankiya. A da ana iya cewa an sake fim ne don wanda ba ya jin Indiyanci. Yanzu na asalin da kansa yana magana da Hausa, da jiragensa da motocinsa da duwatsunsa, kuma kuɗin tura shi ɗaya ne da na kwaikwayonsa. Yaro a Burkusuma yana iya kallon biyun a dare guda ya gane wanda aka kwafa, har ya nuna wa abokinsa fitowar da aka ɗauke sukutum.

Sai masana'antar ta waiwayi nata tsofaffin. A 2018 Ali Nuhu ya ba da umarnin sabuwar Mujadala, Abubakar Bashir Maishadda ya shirya, da sababbin fuskoki irin su Umar M. Shareef. A kudu ma haka: kamfanin Play Network na Charles Okpaleke ya sayi haƙƙin tsofaffin fina-finan Nollywood, ya yi ci gaban Living in Bondage a 2019 wanda ya sami yabo da lambobi, ya sake Rattlesnake da Nneka the Pretty Serpent a 2020, sannan Glamour Girls a 2022 wanda ya sha suka. Dalilin wannan yayi a bayyane yake. Sunan da mutane suka riga suka sani talla ce da ba a biya ba, kuma mai zuba kuɗi ya fi samun natsuwa da shi. Kamfanin Disney ya sake The Lion King a 2019 kusan fitowa bayan fitowa, masu sharhi da yawa suka ce bai kai na 1994 rai ba, amma ya tara sama da dala biliyan ɗaya da rabi. Sai dai sunan ba ya lamunce komai. Aamir Khan ya sayi haƙƙin Forrest Gump ta hanyar da ta dace, ya yi Laal Singh Chaddha a 2022, kasuwa ta juya masa baya.

Duk wanda ya ajiye tsohuwar Mujadala da sabuwa zai ga ta biyun ta fi hoto, ta fi sauti, ta fi tsari. Abin da ba za ta iya dawo da shi ba shi ne zamanin. Matar da ta kalli ta farko tana amarya, a bidiyon maƙwabta, da janareta yana ƙara a tsakar gida, a lokacin su Ali Nuhu da Fati Mohammed da marigayi Ahmed S. Nuhu suna tashe, in ta ce ta da ta fi, rabin abin da take yabo ƙuruciyarta ce. Ba a yi mata gardama a kan wannan, kuma bai kamata a ɗora wa darakta laifinsa ba. Ɗiyarta da ta fara da ta 2018 ita ce Mujadalarta, nan gaba kuma ita ma haka za ta kare ta.

Mutanen Isa sun san wannan al'amari ta wata ƙofa. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya bar waƙoƙi irin su Bakandamiya da har yau ake saurare a rediyo da waya. Matashi na iya haddace baitocin tsaf ya hau fiyano ya rera, amma ba shi da kotso, ba shi da 'yan amshin da suka shekara suna karɓa wa maigidansu, ba shi da fadar da aka yi waƙar dominta. Duk da haka makaɗan fada su kansu ba sa rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Kowane zama sai an ƙara ɗa, an rage wani, an sako wanda ya yi kyauta yau, an yi wa wani zambo. Maimaici a wurinsu sabon aiki ne, saboda kullum akwai dalilin yin waƙar a wannan rana. Fim ma haka yake. Mehboob Khan yana da dalilin komawa kan Aurat. Farhan Akhtar yana da abin da zai ƙara wa Don. Varma ba shi da komai sai sha'awar Sholay, sha'awa kuwa ba ta isa ta riƙe fim na awa uku ba.

Saboda haka hukuncin shi ne e, fim ɗin da aka sake yana kamo na asali, wani lokaci ma ya wuce shi, amma ba kasafai ba, kuma sai a hannun wanda ya zo da nasa abin faɗa. Ga furodusan Hausa akwai ƙarin lissafi. Nijeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kasuwa kuma ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, inda mai abu ke iya ganin kayansa daga ko'ina ya sa a sauke. Shirye-shiryen da suka fi riƙe mutane a 'yan shekarun nan, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina, da rayuwar gida suka ja masu kallo.

Ƙasar Gobir kuwa cike take da labarin da bai samu ko rabin kulawar da aka ba soyayyar Bombay ba. Ga Bawa Jangwarzo da zamansa da Shehu Usmanu a Magami. Ga faɗuwar Alƙalawa a 1808, wadda kufanta ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Ga yaƙin Gawakuke na 1836 da kafa Tsibiri a hayin Maraɗi, da sarautar Inna da matsayinta a fada. Ga kuma na yau, wanda ya fi kowanne zafi: manomin da sai ya biya kafin ya shiga gonarsa, da uwar da ta goya ɗa ta tsallaka Nijar da dare, da 'yan'uwan da suka karɓe ta a can. Masu fim na Kano da Kaduna da Sakkwato su zo su ji waɗannan daga bakin masu su, su ɗauki 'yan wasan da ke jin Gobiranci, su bar musu harshensu yadda yake, kada a mai da shi abin dariya kamar yadda aka saba yi wa Hausar yamma a fim.